Faifan Katun Na Japan: Abin Da Mai Saye Ke Biya Da Abin Da Ake Miƙa Masa

Cikin watan Disamba na shekarar 2002, waɗansu mutane suka shigar da wata ƙara a kotun birnin Kyoto na ƙasar Japan, irin ƙarar da in alƙali ya ji ta a ƙasar nan sai ya gyara zama ya ce a maimaita masa. Babu gona a cikin maganar, babu gado, babu bashi. Kukansu shi ne sun sayi faifan DVD na wani fim ɗin katun, suka kai gida suka sa, sai suka tarar hoton ya yi jaja-jaja, ba kamar yadda suka gan shi a gidan silima ba. Abin da suka nema shi ne a musanya musu faifan da wani mai launi na daidai, a kuma biya kowannensu yen 10,000 na ɓacin rai.

Fim ɗin kuwa ba ƙarami ba ne. Shi ne Sen to Chihiro no Kamikakushi, wanda duniya ta fi sani da Spirited Away, aikin Hayao Miyazaki na kamfanin Ghibli. Ya fito a watan Yuli na 2001, ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Balin a 2002, ya ci Oscar a 2003, kuma babu fim ɗin da ya fi shi tara kuɗi a gidajen silima na Japan sai a ƙarshen 2020. Kamfanin da ya buga faifan, watau reshen Disney na Japan, ya tsaya a kan cewa babu wani aibu, launin nan da gangan aka daidaita shi haka. Aka yi ta jan magana har watan Satumba na 2004, sa'an nan aka sasanta. Kamfanin ya nuna takaicinsa game da ruɗanin da masu saye suka shiga, ya kuma yi alkawarin cewa nan gaba in ya taɓa launin fim zai rubuta a jikin kwali, su kuwa masu ƙara suka janye neman kuɗi. Da aka fitar da fim ɗin a faifan Blu-ray a 2014, sai ga jan nan ya ɓace, ba tare da an yi wani dogon bayani ba.

Mai karatu na iya cewa wannan ai rigimar ƙoshi ce, wanda bai sami tuwon dare ba ina ruwansa da launin katun. Gaskiya ne ciki ya fi ido gaggawa. Amma wanda ya duba maganar da kyau zai ga tsohuwar magana ce da kowane ɗan kasuwa ya sani, watau maganar mudu. Mutum ya biya kuɗin abu cikakke, shin an auna masa cikakke? Bayan wannan kuma akwai maganar amana, domin wanda ya buga faifai yana tsaye ne tsakanin mai zane da mai kallo, kuma abin da ya zuba a faifan shi ne abin da jikoki za su ɗauka cewa mai zanen ya zana.

Kafin a gane nauyin amanar nan, sai an san yadda ake yin aikin. Har zuwa ƙarshen shekarun 1990, katun na Japan da hannu ake yinsa. Mai zane ya zana a takarda, a kwafi zanen a kan wata leda garai-garai, masu fenti su shafa launi ta bayanta, sa'an nan a ɗora ta a kan hoton fili ko na gari, a ɗauka da kyamara ɗaya bayan ɗaya. Shirye-shiryen talabijin galibi a fim mai faɗin milimita 16 ake ɗaukarsu, na silima kuwa a mai milimita 35. Fim ɗin Akira na Katsuhiro Otomo, wanda ya fito a 1988, ya ci irin ledojin nan fiye da 160,000. Kowace ɗaya hannun mutum ya bi ta kanta. Yaran da suka taso a biranen Nijeriya suna kallon Voltron a talabijin, aikin irin hannuwan nan suke kallo, domin asalinsa shirin GoLion ne da kamfanin Toei ya yi a 1981, Amurkawa suka gyara shi suka sake masa suna a 1984.

Shi fim yana da waɗansu ƙwayoyi ƙanana a jikinsa kamar yashi, waɗanda ke rawa a hoto in an haska. Wanda bai sani ba sai ya ce datti ne, alhali kuwa da su aka gina hoton, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. In aka sa kwamfuta ta share su da ƙarfi, sai ta haɗa da siraran layukan da mai zane ya ja, domin ita ba ta bambanta layin gira da ƙurar da ta faɗa wa fim.

Babu shirin da ya sha wannan wahala kamar Dragon Ball Z, wanda aka gina a kan labarin marigayi Akira Toriyama, aka kuma nuna a tashar Fuji daga 1989 zuwa 1996, kashi 291. A 2003 aka fitar da shi a Japan cikin manyan akwatuna biyu da ake kira Dragon Box, kowane yen 100,000, kuma sai wanda ya yi oda tun da wuri aka buga wa. An bi fim ɗin an gyara shi a tsanake, aka bar hoton da siffarsa ta asali, watau faɗi 4 tsawo 3 irin na tsofaffin akwatunan talabijin. To, a 2007 sai kamfanin Funimation na Amurka ya fara fitar da nasa cikin kwalaye masu ruwan lemo, da araha ƙwarai. Da yake a lokacin talabijin masu faɗi sun fara cika gidaje, sai aka datse hoton sama da ƙasa don ya cika fuskar sabon akwati, aka zubar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka zana. Sai ka ga jarumi ya tsaya an fille masa tsinin gashi, ko ana faɗa an yanke ƙafafu. Na'urar shara kuma ta bi ta cinye layuka a wuraren da hoto ke girgiza. Abin ya zama kamar telan da aka kai wa babbar riga ya ga ta fi akwati tsawo, ya sa almakashi ya rage rigar.

Duk da haka kwalayen nan sun sami kasuwa sosai, kuma a nan ne ciwon yake. A ƙarshen 2011 kamfanin ya fara wani bugu na Blu-ray wanda ya bar hoton da siffarsa da ƙwayoyinsa, masana suka yaba, amma bayan kwali biyu, kashi 34 kacal, aka dakatar da aikin saboda tsadarsa. Bugun da ya biyo baya daga 2013 ya koma wa almakashi. Sai a 2019, wajen cikar shirin shekara 30, aka dawo da cikakken hoto a wani bugu na musamman mai tsada, shi ma masu saye suka koka cewa an yi wa hoton wanki fiye da kima. Laifin ba na kamfani kaɗai ba ne. Muddin masu saye sun fi son hoto mai santsi da ya cika bango a kan hoton da mai shi ya zana, to, ɗan kasuwa abin da ake nema zai kawo.

Wani lokaci kuma babu mugun nufi, sakaci ne na ajiya. Sa'ad da aka zo fitar da Neon Genesis Evangelion na Hideaki Anno a Blu-ray a 2015, an koma wa asalin fim ɗin aka sake ɗaukar hotonsa, sai aka nemi na kashi na 16 aka rasa. Dole aka ɗauko shi daga tsohon kwafin bidiyo aka hura shi, shi ya sa mai kallo zai ga kashin nan ɗaya ya yi dishi-dishi a tsakanin 'yan'uwansa 25. Shiri ne da ya girgiza Japan a 1995, amma shahararsa ba ta hana gwangwani ɗaya ɓata a ɗakin ajiya ba.

Abin mamaki, shirye-shiryen da suka fi shiga uku su ne na farkon zamanin kwamfuta, wajen shekarar 2000 zuwa 'yan shekarun da suka biyo. Fim na leda yana riƙe da hoto mai yawa, ko yau aka koma masa za a tatso sabon kyau daga jikinsa. Amma shirin da aka yi wa fenti a kwamfuta a kan ma'aunin talabijin na wancan lokaci, layi 480 ne iyakarsa, babu wani abu a bayansa. Faifan DVD ɗigo 720 ne a kwance da 480 a tsaye, na Blu-ray 1920 da 1080, na 4K kuwa 3840 da 2160. In aka ɗora shirin 2002 a Blu-ray, hura shi kawai aka yi kamar balan-balan, ƙari bai shiga ba. Saboda haka sai ka tarar katun na 1979 ya fi na 2002 kyau a sabon faifai, tsoho ya fi yaro jini a jika.

Akwai kuma inda faifai ya fi abin da aka nuna a talabijin, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa Japanawa ke sayensa. Ran 16 ga Disamba 1997 aka nuna wani kashi na Pokémon mai walƙiyar ja da shuɗi da sauri, yara da manya 685 aka kwasa zuwa asibiti, aka dakatar da shirin wata huɗu. Tun daga nan tashoshi suka kafa ƙa'ida a kan walƙiya, shi ya sa a yau in an zo wurin faɗa sai ka ga an rage hasken hoto ko an ɗan dusashe motsinsa. A faifai akan cire wannan lulluɓi. Har wa yau, da yake masu zane na aiki cikin ƙurewar lokaci mako-mako, sau da yawa akan nuna kashi da fuska a karkace ko hannu ba daidai ba, sai a sake zana wuraren kafin a buga faifai. Kashi na 5 na Dragon Ball Super, wanda aka yi ta yi wa dariya a 2015 saboda munin zanensa, an gyara shi a bugun faifai. Watau a wurinsu talabijin kamar gwaji ne, faifai shi ne aikin da aka sa wa hannu.

Wannan ke nan game da ido. Maganar kunne kuwa ta fi ban tausayi, domin hoto in ya lalace kowa na gani, amma sauti in ya mutu sai wanda ya taɓa jin na asali ne zai sani. A shekarun baya akan naɗi muryoyi da kiɗa a kan zare mai maganaɗisu, mai fitar da sauti tangaran, sa'an nan a kwafi wani sautin a gefen fim ɗin kansa, wanda bai kai na farko ba ko kusa. Na farkon shi aka watsa sa'ad da aka fara nuna Dragon Ball Z, amma ba a adana shi ba, domin a lokacin ba a yi zaton wani zai nemi shirin yara bayan shekara 20 ba. Saboda haka har akwatin nan na yen 100,000 da sautin gefen fim ya fito, muryoyi kamar ana magana daga cikin tulu. Waɗanda suka ceci sautin su ne mutanen gari da suka naɗi shirin a kaset ɗin VHS da Betamax a ɗakunansu a ranar da aka nuna shi. Masoya shirin suka bi su ɗaya ɗaya shekara da shekaru, suka tattara, suka haɗa. Abin da babban kamfani ya yar, yaro mai kaset ya tsince ya ajiye a ƙarƙashin gado.

A ɗaya gefen kuma ga Akira. Kiɗansa ƙungiyar Geinoh Yamashirogumi ce ta yi, da ganguna da kayan kiɗan gora na tsibirin Bali da muryoyin jama'a masu yawa. Shugabanta, masanin kimiyya Tsutomu Ohashi, yana da ra'ayin cewa sautin da ya wuce abin da kunne ke ji yana taɓa jikin mutum duk da haka. Da aka zo buga Blu-ray a 2009, sai aka naɗi sautin a kan awo 192,000 cikin daƙiƙa ɗaya, alhali faifan CD na waƙa 44,100 ne. Ko mutum ya yarda da ra'ayin malamin ko bai yarda ba, dole ya sara wa wanda ya ɗauki kunnen mai sauraro da wannan daraja. Shiri biyu, ƙasa ɗaya, zamani ɗaya, ɗaya an zubar da muryarsa, ɗaya an yi mata gata kamar amarya.

Saura abin da hannu ke riƙewa, watau kwali. Tun zamanin LaserDisc, faifan nan mai faɗin santimita 30 da kamfanin Pioneer ya yaɗa a Japan daga 1981, masu zane suka sami babban bango na yin sabon hoto, masu saye kuma suka saba da ajiye faifai kamar littafi. A 1983 aka fitar da Dallos, wanda ake lissafawa a matsayin katun na farko da aka yi don sayarwa a bidiyo kai tsaye, ba tare da ya bi ta talabijin ko silima ba. Daga nan kasuwar gida ta zama ginshiƙi. Shekaru da yawa al'adar ita ce a zuba kashi biyu ko uku kacal a faifai ɗaya, a sayar tsakanin yen 6,000 da 8,000, ta yadda mai son shiri mai kashi 12 sai ya sayi faifai wajen shida. Asalin tsadar daga shagunan haya ne, su aka yanka wa farashin tun farko, sai aka tarar akwai masoya da ke biya ba tare da ciniki ba, aka bar shi haka. 'Yan dubban mutanen nan su suka riƙa ɗaukar nauyin shirin da miliyoyi ke kallo kyauta.

Don a saka musu, sai a cika kwalin da kaya: ɗan littafi mai hira da darakta, zanen farko na tsara labari, faifan kiɗa, wani lokaci da takardar neman tikitin taron da masu muryoyin za su halarta. Akan kuma naɗe kwalin da wata siririyar takarda mai ɗauke da suna da farashi, wadda suke kira obi, watau sunan ɗamarar da ake ɗaura wa rigar kimono. Baƙo zai yage ta ya yar. Amma a shagunan kayan hannu na unguwar Akihabara ko Nakano a Tokyo, faifan da ya rasa ɗamararsa kuɗinsa ya ragu. Mutanen da ke girmama 'yar takarda haka, ba abin mamaki ba ne su je kotu saboda launi.

Sai dai tsadar nan ta haifi wani zalunci a ƙetare. A zamanin DVD an raba duniya shiyya-shiyya, Japan na ta 2, Amurka na ta 1, faifan wannan ba ya aiki a na'urar wancan. Da Blu-ray ya zo a 2006 sai ƙasashen biyu suka faɗa shiyya ɗaya, kamfanonin Japan suka ji tsoron mutanensu za su riƙa sayo na Amurka mai araha. Don haka suka riƙa gindaya sharuɗɗa: a jinkirta bugun waje, ko a kulle fassarar da ke ƙasan hoto yadda ba za a iya cire ta ba. A 2012 aka fitar da Persona 4 a Blu-ray a Amurka babu muryoyin Japananci sam, sai na Turanci. An rage wa mai saye na waje mudu da gangan don a kare kasuwar gida.

Shi kuwa mai saye a kasuwannin ƙasar nan ya san wani irin mudun dabam, watau faifan nan na jabu da ake cusa wa kashi 40 ko 50 na Naruto. Faifan DVD mai hawa ɗaya gigabait 4.7 yake ɗauka, mai hawa biyu 8.5, alhali na Blu-ray 25 ne ko 50. Abin da Bajapane ya ware wa kashi biyu, shi aka raba wa hamsin. Shi ya sa da an fara gudu ko faɗa sai hoton ya farfashe ya zama 'yan murabba'ai, sararin sama ya yi layi-layi kamar an yi fenti da tsintsiya. Yaron da ya taso da wannan bai taɓa ganin abin da aka zana ba, inuwarsa ya gani.

A yau yawancin jama'a ta intanet suke kallo, cinikin faifai ya ja baya ƙwarai har a Japan. Sauƙin ba ya musantuwa, ga shi kuma kuɗin na isa ga masu aikin ta hanyar halal. Amma abin da ke intanet aro ne. A 2019, da Netflix ya ɗauki Evangelion, masu kallo a wajen Japan suka tarar an cire waƙar rufewa ta asali. A watan Afrilu na 2024 aka rufe dandalin Funimation aka haɗe shi da Crunchyroll, mutanen da ke da kwafin intanet na fina-finan da suka saya tare da faifai aka gaya musu cewa kwafin ba zai bi su sabon gida ba. Wanda ke da faifansa a kan kanta, babu wanda ya shigo ɗakinsa ya ɗauka.

Saboda haka mutanen nan da ke zama suna gwada hoton wannan bugu da na wancan, suna ƙirga layi, suna kasa kunne ga amon murya, bai kamata a ɗauke su marasa aikin yi ba. Su ne masu duba mudu a kasuwar da hukuma ba ta sa mai duba ba. Haƙƙin da suke nema bai wuce uku ba: a bar hoto da siffar da aka zana shi, a adana sautin asali, in kuma an taɓa wani abu a faɗa. Mata da mazan da suka sunkuya a kan tebur a unguwannin Nerima da Suginami suna shafa fenti a bayan leda kan ɗan kuɗi kaɗan, da yawansu sun tsufa, waɗansu sun riga mu gidan gaskiya, ledojin kuma an sayar ko an zubar. Abin da ya rage na wahalarsu shi ne abin da ke cikin gwangwanin fim da abin da aka zuba a faifai. Wanda aka damƙa wa wannan ya kuwa rage, ya ci amanar wanda ba shi da bakin yin ƙara.